Zuwa Ga Bazazzagin Bwari Mai Tsirkiya Shida

Zuwa ga yarona kuma bawan gidanmu, Bazazzagin da ya baro Tudun Wada ya zo ya tare a Bwari don ya hana bayin Allah barci. Sarkin Tsirkiya, ya gida, ya iyali? Af, wane iyali kuma. Ya jita dai? Ita ce uwargida, ita ce amarya, ita ce kuma mai cinye kuɗin cefane.

Na ga sanarwar da ka watsa a WhatsApp. Ka sa hotonka ka sunkuyar da kai, ga suma ka tara, ga baƙin tabarau alhali da ganin hoton cikin dare aka ɗauka. A sama ka rubuta wai za ka fita rangadi bayan Babbar Sallah. Rangadi fa! Na gyara zama na ce yau zan ga Yamai, zan ga Agadas, wataƙila har Landan. Ina dubawa sai ga wurare biyar, biyu daga ciki ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo bai sake shiga gidan mai ba. Dagacin ƙauye ma in ya fita rangadi ya fi ka yin nisa, kuma shi ana ba shi kaji.

Amma kada ka ji haushi, na zo ne in yi maka talla kyauta. Mu Kanawa ba ma iya ganin haja a ƙasa mu wuce, ko da ta Zage-zagi ce.

Duk wanda ya tambaye ka abin da ya kawo ka Bwari, sai ka gyara murya ka kama tarihi. Wai ƙasar kakanninka ce. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi ya yo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja, daga can aka ari sunan aka sa wa babban birni bayan an yanke shawarar ƙirƙiro shi a 1976. Duk haka ne, ban musa ba. Abin da kake tsallakewa shi ne gudu ya kawo su. Kai ma gudun ne ya kawo ka, gudun kuɗin hayar Wuse da Gwarimpa. Ƙasa dai ta Gbagyi ce, sun riga kakanninka, kuma mai gidan da kake haya ma mutuminsu ne, dattijo mai haƙurin da ya kamata a ba shi lambar yabo ta ƙasa. Wata nawa yake bin ka? Ba zan faɗa a jarida ba, ni mai rufin asirin bayina ne.

Ka kuma rasa garin da za ka zaɓa sai Bwari. Garin jarrabawa. Nan hedikwatar JAMB take, nan makarantar horar da lauyoyi ta koma daga Legas tun 1997, ga Jami'ar Veritas a gefe. Kowa ka gani a bakin titi da littafi a hammata, fuska a murtuke, yana haddar wani abu. Ku Zazzagawa da kuka ishe mu da cewa ku ne gidan ilimi, wakilin da kuka turo garin karatu shi ne wanda ya zo da jita a goye. Nan kusa da kai, a Ushafa, masu ginin tukwane sun yi aikinsu shiru har shugaban Amurka Bill Clinton ya tako ya zo wurinsu a watan Agustan 2000. Kai da duk ƙarar da kake yi, ko kansila bai taɓa leƙo ka ba.

Bari in ba masu karatu labarin yadda tauraro yake wuni, tunda a hoto tabarau kawai suke gani. Da sassafe tauraro yana ɗaure wuya da laktaye, ya danne sumar nan da hula, ya tafi wata makarantar kuɗi inda yake koya wa yara kiɗa. A can babu wanda ya san shi da Sarkin Tsirkiya, "Onkul" suke ce masa. Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024 ya samu abin yi, kullum shi ne a gaban fiyano yana bi da yara baiti-baiti, shi ma yana satar kallon takarda. Da azahar ya hau mota zuwa Kubwa, wani sitidiyo da bai fi shagon mai caji ba, ya yi wa masu maganin gargajiya da masu shagon atamfa kiɗan talla. In ka taɓa jin wata jita mai daɗi a bayan muryar mai tallar maganin basir, to ka ji yarona. Wannan ita ce waƙarsa da ta fi zaga Najeriya, sai dai babu sunansa a jiki, kuma ya roƙe ni kada in faɗa.

Sai da magariba ta wuce ake komawa ainihin sana'a. Ɗakin nan naka, Sarki, ya isa a riƙa karɓar kuɗin shiga. Bango huɗu da rufi duk ka bi ka manne da kiret ɗin ƙwai, wai don kada sauti ya fita. Wa ya gaya maka? Kwalin ƙwai ba ya tare ƙara, iyakarsa ya ɗan rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki. Abin da ke tare ƙara bango ne mai kauri da ƙofa mai nauyi wadda ba ta da kafa. Shi ya sa kai a ciki kana jin kanka tas, mu a waje muna jin ka tas. Kuma abin takaicin, ƙwai ko ɗaya ba kai ka ci ba, wurin mai shayi ka roƙo kwalayen.

Ga kuma ɗan akwatin nan da kake takawa da ƙafa. Jita tana maganarta lafiya lau, kana taka shi sai ta koma kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Na tambaye ka ko lalacewa ta yi, ka ce a'a, da gangan ne, kuɗi ka sa ka sayi abin da zai ɓata sautin. A Kano in kaya ya fara wannan kuka mayar wa mai shago ake yi. Da na matsa sai ka ce mini "jitan ne ya ke so haka". Jita dai mace ce a duk ƙasar Hausa, sai da ta shiga hannun Bazazzagi ta zama namiji.

Ita kuwa irin wannan jita ba ta magana sai da wuta. Gurmi da garaya da kukuma ko a tsakiyar daji ka ɗauko su za su yi maka aiki, taka sai an jona ta da amfilifaya, amfilifaya kuma sai an jona shi da bango, bango kuma sai masu wuta sun ga dama. In an ɗauke sai janareta. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama sai da lissafi, ana auna masa a gorar ruwa. Ko an tayar da shi ma gurnaninsa yana shiga cikin abin da ake naɗa, shi ya sa ka sayi doguwar waya ka kai shi can bayan gida, daidai tagar maƙwabci. Mafi yawan waƙoƙinka ƙarfe biyun dare aka naɗe su, lokacin da aka dawo da wuta. Wanda ya kasa kunne sosai zai ji carar zakaran mai gida a ƙarshen ɗaya daga ciki. Ka ce wai salo ne.

Wata rana na shigo na tarar da tukunya a kan risho tana tafasa, mai jitar bas ɗinku yana tsugune yana fifita. Na ce alhamdu lillahi, yau Zage-zagi sun yi abin kai, za a ci taliya. Na wanke hannu na zauna. Da aka buɗe murfi sai ga wayoyi huɗu a nannaɗe suna juyi a cikin ruwa, ruwan ya yi baƙi, wani maiƙo yana yawo a sama. Tsirkiyoyin bas ne ake dafawa. Ya tsamo su da cokali mai yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa a kan tsohon tawul, ya bi kowacce ya goge, ya rataye a ƙusa. Ya yi mini bayani da natsuwar likita: gumi da dattin hannu ne ke shiga tsakanin zaren ƙarfen su kashe muryar, in an tafasa sai su fita, tsirkiya ta farfaɗo na ɗan lokaci kafin tsatsa ta gama da ita. Sababbi daga waje ake kawo su, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a tsakiyar 2023 kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙungiyar. Na tashi da yunwata. Amma na faɗa a raina, wannan dabara ko a Kasuwar Kurmi sai a sara mata.

To, mu zo kan ainihin ciwon. Ba ka da kamfani, ba ka da ubangida, kuma kana alfahari da hakan. Kai ne mai rubutawa, kai ne mai rerawa, kai ne mai naɗa, kai ne mai talla, kai ne ɗan dako. Ka ce ba za ka wasa kowa ba, ba za ka ambaci sunan mai kuɗi ko ɗan siyasa a waƙa ba. Madalla. Sai dai ka sani kiɗan Hausa da ubangida ya tashi. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Shata ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, bai rage komai ba, har jami'ar garinku, Ahmadu Bello, ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Na yau kuma ka ga yadda Rarara ya mai da kakar zaɓe kakar girbi. Kai kana zaune a Bwari, tafiyar awa guda daga inda ake raba arzikin ƙasa, kana waƙar tsadar haya da wahalar ɗan acaɓa. Ɗan acaɓan ya ji daɗi, ya ɗaga maka hannu, amma bai rage maka ko naira hamsin ba.

Na san amsarka, kullum ita ce: Ɗan Maraya Jos. Wai shi ma talakawa ya yi wa waƙa, 'yan kamasho da leburori da zaman aure. Gaskiya ne. Amma Ɗan Maraya da kuntigi ya yi, tsirkiya ɗaya tal a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, kuma da ita ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Kai shida gare ka. A lissafin Bakano ya kamata a ce ka ninka shi sau shida. Ina sauran biyar ɗin suke zuwa?

Sai ka ce ai yanzu zamanin intanet ne, mawaƙi ba ya bukatar kowa. Ka zuba waƙoƙinka a Audiomack da Boomplay, da Spotify ta shigo Najeriya a 2021 har walimar shayi ka yi. Tun daga ranar ba ka da aiki sai duba waya, kana ƙirga waɗanda suka saurara. Ni na san su. Kai ne, da mai gangarku, da mai dafa tsirkiya, da wata baiwar Allah a Jamus da har yau ba mu san abin da ya kai ta ba. Abin da ake biya a kan kowane sauraro kuwa sai an tara dubbai kafin ya sayi katin data ɗin da ka ƙona wajen dubawa. Da aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023 ka zo kana murna, wai yanzu ɓarayin waƙa sun shiga uku. Na zaga wurin masu tura waƙa a waya na kasuwar Bwari, na tambaya ko suna da taka. Sarki, ka kwantar da hankalinka. Ba wanda ya sace.

Yanzu ga rangadin. Na farko, biki a Dutsen Alhaji. A sanarwa ka rubuta shi can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kana jin kunyarsa, alhali shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin zai biya kuɗin haya. Na halarci irinsa a bara, na ga abin da ya faru. An ba ku wuri kusa da masu rabon abinci. Kuka yi rabin awa kuna "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu". Ka rufe ido ka shiga wani dogon kiɗa kai kaɗai, yatsu suna gudu, kana cije leɓe. Ƙawayen amarya suka tsaya da ankonsu suna kallon ka, an rasa inda za a sa ƙafa. Can wata gwaggo ta taso, ta dafa kafaɗarka, ta ce, "Ɗan nan, in ka gama gyaran sai a sa mana waƙar Gwanja." Mai faifai ya saki waƙa, fili ya cika, kuɗi suka fara tashi sama, ku kuna naɗe waya. Da na yi maka jaje sai ka ce ai dama liƙi laifi ne, dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu hamsin. Ban taɓa ganin mai bin doka irinka ba. Duk Abuja kai kaɗai ne makaɗin da ba za a taɓa kama kowa a kansa ba.

Abin da ya sa nake dariya da wannan kunya taka shi ne hoton da ka liƙa a bayan ƙofa. Mdou Moctar, Buzun Nijar, da rawaninsa da jitarsa a hannun hagu. Kullum kana ba mu labarinsa: kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, ya fitar da Afrique Victime a 2021, ya fitar da Funeral for Justice a 2024, Turawa suna cika fili suna tsalle ba su jin ko kalma ɗaya ta Buzanci. To ka tambayi inda ya koyi sa mutane tsalle. Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera, da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin muryar na'urar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa wadda kake toshe wa hanci. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara ba wanda ya biya shi, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya bi sawu ya nemo shi. Abincinsa kuma a wancan lokaci daga ina? Gidan biki. Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya a Agadas, tun 1995 suke kiɗan biki da suna, da wannan kiɗan ne kuma suka fita duniya. Bombino na Agadas ya shiga takarar Grammy, Tinariwen na Mali sun ci ta a 2012. Duk cikinsu babu wanda ya ce wa gwaggon amarya ba ta waye ba. Wanda ya iya tayar da gwaggo daga kujera, tayar da Bature ba zai ba shi wuya ba. Wannan karon ka buɗe idonka, ka kalli ƙafafun mutane, in sun tsaya ka sauya. Shawara ce kyauta, kuma ka san Bakano bai saba ba.

Na biyu, wani lambun shaƙatawa a Wuse, daren Juma'a. Wannan ne kake ji da shi. Ni kuma tafiyar nake tausaya maka. Daga Bwari a bi ta gefen madatsar ruwan Usuma, a gangara Dutse, a shiga cunkoso, a hau babban titin Kubwa. Direba ya ce jita kujera guda ce, amfilifaya kujera guda, sai ka biya kuɗin mutum uku kai kuma ka zauna a ɗosane. Acaɓa ba ya shiga tsakiyar birni tun 2006, saboda haka sauran tafiyar a ka za a ɗauki kaya. A can kuma yarjejeniyar ita ce a ba ku wani kaso na kuɗin ƙofa, in an samu, da faranti ɗaya na gasasshen kifi ku huɗu. Damina ce, lambu kuma ba rufi. Hadari yana haɗowa masu cin kifi za su watse, ku kuma ku rungumi lasifika kuna neman leda.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. In kun tashi tsakar dare kada ka ce sai ka dawo Bwari. Ba mu manta da satar mutanen da aka yi a yankin nan a farkon 2024 ba. Ka kwana a gari, ko a kan benci ne, gari ya waye ka taho. In aka ɗauke ka ni za a kira, kuma ka san ba zan iya cinikin bawa ba tare da na nemi ragi ba, abin zai ja lokaci.

Na uku, walimar wasu ɗaliban lauya da suka gama jarrabawa, nan cikin gari. Su ne mutanen farko da suka taɓa kawo maka yarjejeniya a rubuce. Ka riƙe takardar kana juyawa, ka kai ta an manne da leda, ka nuna wa duk unguwa, har yau ba ka karanta ba. In sun raina ka, ka ba su labarin Tal National ta Yamai. Jagoransu, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙali a kotu da rana, da dare ya ɗauki jita. Ka ga ashe ana haɗawa. Shi ya haɗa shari'a da jita, kai ka haɗa jita da bashi.

Na huɗu, 21 ga Yuni, ranar kiɗa ta duniya, wadda Faransawa suka fara a 1982. Kyauta ake yi. An ce maka za ka samu suna. Sunan da ka tara zuwa yanzu da ana dafa shi da unguwa ta ƙoshi.

Na biyar shi ne Kaduna, kuma shi kaɗai ya cancanci a kira shi tafiya. Za ka hau jirgin ƙasa a tashar Kubwa, layin da aka buɗe a 2016, ka sauka Rigasa. Kaduna ta san kiɗan zamani tun kafin a haife ka. A nan Bala Miller, wanda asalinsa ɗan Zariya ne, ya kafa ƙungiyarsa ta Pirameeds da kayan busa da jita, yana waƙa da Hausa, ana nuna shi a talabijin. Ka ga ashe an taɓa yin Bazazzagin da ya ɗauki kayan kiɗan Bature aka kuma saurare shi. Sau ɗaya dai aka yi, amma an yi.

Tambayata ita ce, daga Kaduna za ka ƙarasa gida? Tafiyar awa guda ce fa. Na san ba za ka je ba, don har yau Gwaggo a Tudun Wada ta ɗauka ma'aikaci ne kai a Abuja, tana faɗa wa maƙwabta ɗanta yana kusa da gwamnati. Kuma na san abin da ka ce wa mahaifin yarinyar da kake nema da ya tambayi sana'arka. "Malamin makaranta ne, Baba." Ba ka yi ƙarya ba, laktayen ma shaida ne. A nan ba na ganin laifinka sosai. Mutanenmu suna son kiɗa, ba sa son makaɗi a zuri'a. Za su yi rawa har asuba, su yi kuka in an sa waƙar da ta taɓa su, gobe ka aika neman aure su ce ba sa ba maroƙi. Kai da ba ka taɓa roƙon kowa ba sai mai shayi. Duk da haka ka faɗa masa gaskiya kafin a sa rana, don ranar da surukinka zai gan ka a waya kana tsalle da tabarau, ba ni zan je biko ba.

Kada kanka ya kumbura da abin da zan faɗa yanzu. Akwai wani yammaci da aka yi ruwa aka ɗauke wuta, ba mai a janareta, akwatin ɓata sauti ya mutu. Ka fito ƙofar gida da tsohuwar jitar katako. Wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahautan kasuwa kiɗa ya fake a rumfar mai shayi, ya ji ka, ya matso. Ya matse kalangu a hammata ya ja igiya, fata ta ɗaga murya. Kai kuma ka tura tsirkiya da yatsa, ta bi shi. Ya sassauta, ka sassauta. Ashe abu ɗaya kuke yi, shi yana lanƙwasa sauti da hammata, kai da yatsa, kuma duka biyun hawa da saukar maganar Hausa suke bi. Ka ɗora waƙar nan taka ta kuɗin haya, da Hausa, ba da Turancin hancin da kake yi a Wuse ba. 'Yan acaɓa suka kashe mashin. Mai gidanka da kansa ya fito yana gyaɗa kai, bai san da shi ake ba.

Hukuncina ke nan, Sarki: ka iya. Na faɗa sau ɗaya, in ka ce na faɗa zan musa. Abin da ya rage shi ne ka daina ɓoye wannan kiɗan a ƙofar gida kana kai wa mutane na aro. Ka ɗauki dattijon nan ka tafi da shi Dutsen Alhaji, ka tafi da shi Kaduna, kuma ka biya shi kafin ka biya kanka, don ya girme ka a sana'a kuma yana da iyali na gaske. Ba sai ka wasa kowa ba. Ka ambaci sunan amarya dai, ba siyasa ba ce.

Ku kuma masu karatu, duk mai biki ko suna ko walimar kammala karatu daga Bwari zuwa Ushafa, Dutse, Kubwa har Garam, ga makaɗi nan, yana zuwa a kan lokaci saboda ba shi da wani wurin zuwa. Ku ba shi kafin alƙalami, ku tanadi man janareta, ku ba yaransa abinci kafin su fara. In ya rufe ido ya wuce minti biyar, a tura masa gwaggo.

Kai kuma watan cika-ciki ya kusa, ka tanadi kuɗin sharata, ba na karɓar waƙa a madadi. Ka sa sunana a ƙofa ranar Juma'ar Wuse, ni da mutum biyu, don ba zan biya kuɗi in ga bawana ba. In kana da bakin ramawa, edita ya ce fili a buɗe yake mako mai zuwa, sai dai a samu wani ya duba maka namiji da mace kafin a buga.